Me Ya Sa 'Ya'yanmu Na Jami'a Ke Kukan Ciwon Baya?

A taron ƙungiyarmu na bayan girbi, sa'ad da aka gama lissafin buhunan taki da bashin iri, wani dattijo cikin 'yan'uwa ya kawo ƙarar ɗansa. Ya ce yaron ya dawo hutu daga jami'a, aka ce ya zo a kwashe masara, bai yi awa biyu a gona ba sai ya dafe ƙugu ya nemi gindin itace. Shi uban ya fi shekara talatin yana duƙe da fartanya bai taɓa cewa wayyo ba, yaron kuwa ba abin da ya ke ɗauka a makaranta sai biro da takarda. To, a ina ciwon baya ya gan shi? Aka yi dariya. Amma da dariyar ta lafa, sai ga mutum huɗu ko biyar sun ce haka nasu 'ya'yan ke faɗa. Wata uwa daga Zumuntar Mata ta ce 'yarta ba ta iya barci da dare saboda baya, ita kuwa tana tsoron ko jifa aka yi wa yarinyar don an ga tana ci gaba.

Wannan magana ba ta dariya ba ce, 'yan'uwa. Akuya nawa muka sayar, buhun gyaɗa nawa muka kai kasuwa kafin yaran nan su shiga ƙofar jami'a? Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, da wuya a sami ɗan ƙauye ɗaya a cikin gunduma guda da ya kai can. Aka buɗe ta Jos da ta Maiduguri a 1975, yanzu kuwa jami'o'in Nijeriya sun haura 250, da ƙyar za ka sami ikilisiyar da ba ta da ɗa ko 'ya a ɗaya daga cikinsu. In ciwo ya hana yaro zama a aji, ko ya tura shi shan ƙwaya, gumin gidan duka ne ya zube. Saboda haka bari mu duba abin da ke faruwa a bayan yaron.

Yadda aka gina baya

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 da aka jera ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a ƙirji inda haƙarƙari ke manne, 5 manya a ƙugu, sauran kuma sun haɗe da juna a ƙasa. Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya gan su. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifan guringuntsi mai taushi a tsakiya, aikinsa kamar na gammo ne a kan mai ɗaukar tulu. Ta cikin ƙasusuwan laka ta bi, daga gare ta kuma jijiyoyi suka fita zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Abin da ke riƙe da wannan gini duka a tsaye shi ne tsokar baya da ta ciki da ta ɗuwawu, kamar yadda igiyoyi ke riƙe da rumfa.

Ga abin da ya kamata mu lura da shi. Faifan nan kusan ba shi da hanyar jini tasa. Abincinsa yana samu ne kamar yadda soso ke shan ruwa, watau a matse shi, a sake shi, a matse, a sake. Tafiya da sunkuyo da miƙewa su ne ke matsewa da sakewa. Shi ya sa ma mutum ya fi tsawo da safe, da wajen santimita ɗaya ko fiye, gama faifan ya sha ruwa da dare, da rana kuma nauyin jiki ya matse shi. Tsoka ita ma haka ta ke, in ba a mora ta ba sai ta saki, in kuma aka bar ta a ɗaure wuri ɗaya awa da awa sai ta ƙage ta fara zogi. Ubangiji ya yi baya domin motsi ne. Ƙarfinsa kuwa ya fi yadda mu ke tsammani.

Kwanan ɗalibi da wuninsa

Yanzu mu bi yaron mu ga yadda ya ke wuni. Da sassafe ya ruga ɗakin lacca don ya sami wurin zama, gama ɗalibai sun fi kujeru yawa. In ya yi sa'a ya sami benci, wani ma ba abin jingina. In bai yi sa'a ba ya zauna a kan taga ko matakala, ya ɗora littafi a cinya, ya duƙa yana rubutu awa biyu ko uku. Daga nan sai wani aji. Da yamma ya koma ɗakin kwana da aka gina domin mutum huɗu, yanzu kuwa takwas ko fiye ke ciki, ba tebur, ba kujera. Sai ya hau gado ya lanƙwashe kamar kifin da aka banda, kwamfuta a cinya ko waya a hannu. Kan mutum ya kai kilo biyar. Ka riƙe mudun hatsi biyu da hannu a miƙe na minti goma, za ka san abin da tsokar wuya da kafaɗa ke sha sa'ad da kai ya rataya gaba tun la'asar har tsakar dare.

Katifar kuma ta lotse a tsakiya, ɗalibai nawa suka kwanta a kanta kafin shi, Allah kaɗai ya sani. In famfo ya ɗauke, 'yarmu za ta hau bene hawa biyu ko uku da jarka mai lita 20, watau kilo 20 ke nan, a hannu ɗaya. Ranar dawowa gida kuma a cusa su a mota, mutum huɗu a kujerar mutum uku, jaka a cinya, a yi ta faɗawa ramuka tun safe har dare.

Lokacin jarrabawa abin ya fi muni. Akwai al'adar kwana a aji ana karatu har gari ya waye, ana gyangyaɗi a kan benci, ana shan kofi ko abin sha mai hana barci. Bayan yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'i da yawa sun matse zangon karatu don su cike gurbi, ɗalibai suka haɗiye aikin wata huɗu cikin ɗan lokaci. Babba yana bukatar barcin awa bakwai zuwa tara. Wanda ke samun uku ko huɗu, jikinsa ba ya samun damar gyara abin da ya gaji, ciwo kaɗan kuma sai ya ji shi da yawa. Zafin nema ba ya kawo samu.

Kada mu ɗauka cewa akwai wani zama guda mai kyau wanda in yaro ya koya ya rabu da ciwo. A dā an yi ta koyar da haka, a ce a zauna ƙyam kamar soja. Masu bincike na yanzu sun ga ba irin zaman ne babban laifi ba, daɗewa a cikinsa ne. Wanda ya zauna ƙyam awa huɗu bai motsa ba, shi ma zai tashi da ciwo.

Abin da ke zuciya yana sauka a baya

Nan ne na ke so mu daɗe kaɗan, gama nan ne mu iyaye mu ke da hannu. Damuwa da tsoro da baƙin ciki suna ɗaure tsoka, suna hana barci, suna kuma ƙara wa jiki jin zafi. Likitoci sun tabbatar cewa mai damuwa ya fi saurin kamuwa da ciwon baya, nasa kuma ya fi daɗewa. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne. Ciwo ne na gaske, a jiki ya ke jinsa, sai dai itacen da ke hura wutar yana zuciya.

Me ke damun ɗan shekara ashirin? Kuɗin makaranta ya ƙaru, ya san kuwa rumbun gidansu. Garin da aka ba shi ya ƙare tun tsakiyar wata, yana cin abinci sau ɗaya a rana, yana jin kunyar ya buga waya ya faɗa. Ya faɗi darasi ɗaya, bai gaya wa kowa ba. Ya ji labarin an kai hari kusa da garinsu, waya kuma ba ta shiga. Bisa ga wannan duka, duk sa'ad da ya zo gida sai mu tuna masa cewa shi ne idon dangi, shi zai ɗauki ƙannensa, shi zai sa wa gidan kwano. Da kyakkyawar zuciya mu ke faɗa, amma kaya ne, ba kuwa gammo. Yaron da ba zai iya ce wa mahaifinsa “Baba, ina jin tsoro” ba, yana iya cewa “Baba, bayana na ciwo.” Mai hikima sai ya saurari duka biyu.

Ku tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Sa'ad da ya gaji, tsoro ya kama shi har ya roƙi mutuwa, Ubangiji bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan aka yi maganar tafiya. Ina faɗin wannan ne domin matasanmu masu himma, waɗanda ke haɗa azumi da kwanan addu'a da kwanan karatu duk a mako guda na jarrabawa. Addu'a wajibi ce, amma barci ma kyautar Allah ce. Shugabannin zumuntar ɗalibai, irin su FCS wadda aka kafa a Gindiri tun 1957, za su yi wa yaranmu babban taimako in suna faɗa musu haka.

Labari mai daɗi, da inda kuɗi ke zurarewa

Ciwon baya ba baƙon abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu, shi ne kuma kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya. Cikin kowane goma, wajen tara ba wata cuta mai haɗari ce ta kawo shi ba, ba kuma ƙashi ne ya goce ba. Yawancin masu sabon ciwo suna samun sauƙi sosai cikin mako shida, ko da ya ke yakan dawo wa mutum jifa-jifa.

Saboda haka kada a yi garajen sayar da tunkiya domin a ɗauki hoton baya mai tsada, sai in likita ne ya ga dalili. A 2015 wasu masana sun tattara hotunan bayan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba su da ciwon komai. Cikin 'yan shekara ashirin, 37 cikin ɗari hoton ya nuna faifansu ya fara sauyawa, 30 cikin ɗari kuma ya ɗan bultso, alhali lafiyarsu ƙalau. Kamar furfura ce, tana fitowa ba tare da ciwo ba. Illar ita ce, yaro ya ga takarda ta ce bayansa ya lalace, tsoro ya kama shi, ya daina motsi, ciwon kuwa ya ƙaru.

Wata hanyar da kuɗi ke bi ita ce ta “basir ne” da “sanyi ne”. A sayi jarkar tsimi a tasha, ba wanda ya san abin da ke ciki. A kai yaro a yi masa tsaga ko ƙaho da aska ɗaya da aka yi wa mutum goma, a tafi neman maganin baya a dawo da ciwon hanta. Ga 'yar'uwarmu mai tsoron jifa kuma, ina cewa: ki yi wa 'yarki addu'a, wannan daidai ne, amma ki tambaye ta awa nawa ta ke barci, me ta ci jiya, wace irin katifa ta ke kwana a kai. Sau da yawa amsar tana nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha irin su Tramadol ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ba duka ne suka fara don iskanci ba. Wani ciwon baya ne, aboki ya miƙa masa ƙwaya ɗaya, ya ji garau, ya kwana yana karatu. Bayan wata biyu ba ya iya tashi sai da ita. Mu manoma ma kada mu wanke hannu, gama mun san abin da wasu 'yan ƙwadago ke haɗiya kafin su kama huɗa, wani lokaci mai gonar ne ma ke saya musu. Abin takaici, wani gwaji da aka yi a Ostareliya aka buga a 2023 ya nuna cewa masu sabon ciwon baya da aka ba irin waɗannan ƙwayoyi masu ƙarfi ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar banza samun sauƙi ba bayan mako shida. Ga haɗari, ba riba. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a yi amfani da su domin daɗaɗɗen ciwon ƙugu, haka ma ɗamarar da a ke sayarwa a ɗaura a ƙugu.

To, me za a yi?

Maganin farko shi ne motsi. A dā likitoci da kansu sukan ce a kwanta mako ɗaya ko biyu, yanzu an gane kwanciya tana ƙara daɗewar ciwon. In ya yi tsanani a huta kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a tashi a ci gaba da harka a hankali, ko da akwai ɗan zogi. Mai karatu ya riƙa tashi kowane rabin awa ko minti arba'in, ya miƙe, ya dafa ƙugu ya ɗan gantsare, ya zaga ɗaki, ya dawo. Wani karatun ma ana iya yinsa a tsaye ko ana tafiya, kamar yadda mai wa'azi ke bitar wa'azinsa a bayan majami'a. In ba tebur, a ɗora kwamfuta ko littafi a kan akwati ko bokitin da aka kife don ya taso kusa da ido. Benci marar majingina kuma, a nemi wanda ke jikin bango, a naɗe tawul a sa a ƙugu.

Tafiya da ƙafa ba ta cin ko kwabo. A 2024 an buga wani gwaji na mutum 701 a Ostareliya waɗanda suka warke daga ciwon baya. Waɗanda aka koya wa yin tafiya a kai a kai sun kai wajen kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Rabin awa a rana, kwana biyar a mako, ya isa a fara. Yaron da ke hawa babur daga ɗakin kwana zuwa aji, in ya taka da ƙafa ya sami magani, kuɗin kuma ya sayi ƙosai. Ƙwallo ma magani ce, haka rawar ƙungiyar mawaƙa.

Gashi da tsumma da ruwan ɗumi yana sassauta tsoka, tausa ma haka. In ana bukatar magani, irin su Ibuprofen suna taimako na 'yan kwanaki, amma a sha bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Ɗalibin da ke wuni da yunwa ya yi hankali da su ƙwarai. Kowace jami'a tana da asibitinta, kuɗinsa kuma yana cikin abin da muka biya, don haka yaro ya je can maimakon kemis. In ciwo ya wuce mako shida bai ragu ba, a nemi ganin likitan gashi, watau mai koyar da motsa jiki, akwai su a manyan asibitoci.

Jakar littattafai a rataya ta a kafaɗa biyu. Ruwa kuma gara a raba shi bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu. Katifar da ta zama kwale-kwale a sauke ta ƙasa a kan tabarma, ko a sa katako a ƙarƙashinta. In ƙungiya tana da asusun taimakon 'yan makaranta, ni dai a ganina sabuwar katifa da mudun wake da gari a tsakiyar zango sun fi kwalin magani amfani.

Alamun da ba a jira da su

Akwai ɗaya cikin goman nan da ya rage, kada kuwa mu yi wasa da shi. In ciwon baya ya zo tare da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi da mazauni ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafafu suna raunana mutum yana jan su, to jijiyoyi ne aka danne. A kai shi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, gama jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin mutum da lahani har abada. Haka kuma wanda ya faɗo daga babur ko itace bayansa ya bugu, a ɗauke shi a kwance a kan ƙofa ko faffaɗan katako, kada a naɗe shi a bayan mota, kada kuma a fara kai shi wurin mai ɗori.

Akwai wanda ke zuwa a hankali. Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, ya fi tsanani da dare, ga zazzaɓi da gumin dare da rama, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, ko da mutum ba ya tari. Inda mutane suka cunkushe a ɗaki ɗaya cutar tana yaɗuwa da sauƙi. In aka bar ta takan cinye ƙashin har doro ya fito, ƙafafu su shanye. In aka gano ta da wuri kuwa tana warkewa, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da na mishan da yawa, sai dai a sha shi wata tara zuwa shekara guda ba fashi. Ciwo a gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari tare da zazzaɓi da zafin fitsari, wannan ƙoda ce. Mai sikila kuma in bayansa ya tashi, asibiti za a nufa. 'Yan mata da yawa suna jin ciwon ƙugu lokacin al'ada, wannan ba abin tsoro ba ne, amma in yana hana ta zuwa aji kowane wata, uwa ta sa ta ga likita, kada a ce ta yi haƙuri kawai.

Sa'ad da ya dawo hutu

Mu koma ga ɗan'uwanmu da masararsa. Ba cewa mu ke a bar yaro ya kwanta a ɗaki yana latsa waya ba, aikin gona ma zai yi wa bayansa amfani. Amma ku tuna yadda mu ke yi da shanun huɗa. Bijimin da ya yi rani a ɗaure, ba wanda ke sa masa garma ya wuni da ita ranar farko. Awa ɗaya yau, biyu gobe, har wuyansa ya saba. Yaron da ya yi wata huɗu a kan benci haka ya ke. Mako na farko a ba shi ɓarar masara, da kora dabbobi, da kai abinci gona. Buhu kuma su ɗauka su biyu, a durƙusa da gwiwa, a jawo shi kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Zuwa mako na uku za ku ga yana bin kunya tare da ƙannensa. In kun zauna hutawa a gindin itacen nan, Baba, ka aiki ƙananan su ɗebo ruwa, ka tambaye shi yadda zangon ya kasance, ka kuma bar shi ya gama magana kafin ka amsa.